Gawo: iccen da ke ciyar da bisashe da rani

Ya kai manomi mai kiwo, in ka bi Dallol Boso daga Damana zuwa Filinge a watan Maris, ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙare, amma za ka ga gawo kore shar. Halinsa ke nan, ya saɓa wa sauran itatuwa: da ruwan damina ya sauka sai ya zubar da ganye, da kaka ta yi sai ya sake toho. Shi ya sa ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zuba da kashin bisashen da suka sha inuwarsa su ne takin gonarka, kuma kai ma ka sani, hatsin gindin gawo ya fi na fili kai.

Daga Janairu zuwa Afrilu 'ya'yansa ke faɗowa, lokacin da tumaki da awaki da shanu ke ramewa. Suna da abin gina jiki sosai. Ka tara su a buhu, ka ajiye wurin da ba laima, ka riƙa ba tunkiya mai ciki da saniyar tatsa.

Gawo na son rairayi mai zurfi, inda ruwan ƙasa bai yi nisa ba, kamar cikin dallol. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai tun yana ƙarami. A kan fako ko tudun marmara kuwa, wahala kawai za ka sha.

Ba lalle sai ka saya a gandun renon itatuwa ba. Ƙwayarsa na da tauri, amma in ta bi ta cikin akuya ko saniya sai ta yi laushi, ta tsiro cikin gona da kanta. Aikinka shi ne ka gane ɗan tsiron wajen sassabe da noma, kar hauya ta ci shi. Ka bar kamar taki 10 tsakanin ɗaya da ɗaya, ka rage masa rassa, ka bar guda mai ƙarfi, ka kewaye shi da ƙaya shekara 2 ko 3 saboda awaki. Wannan shi ne sassabin zamani da aka soma a jihar Maraɗi a 1983. Sai haƙuri fa, ba ya 'ya'ya sai ya kai shekara 7 ko fiye.

Maganar sara ita ce mai wuya. In bazara ta matsa, makiyayi na hawa ya sauke rassa gaba ɗaya. Garke ya ci yau, amma iccen da aka yi wa aski haka zai yi shekaru bai ba da 'ya'yan kirki ba, in aka maimaita ma sai ya mutu. Ka sari ƙananan rassa gefe guda, ka bar kan, baɗi ka koma wani icce. Gawo na cikin itatuwan da dokar gandun daji ta kare tun 1974, saboda haka ka nemi izinin mai gona da ma'aikacin gandun daji kafin ka ɗaga gatari.