Tarewar da Hoton Ƙirji ke Tsayarwa

A Runka da sauran garuruwan Safana da Batsari, aure bai kammala ba sai amarya ta tare. To idan ango yana Jidda ko Riyad ko Landan wajen neman abinci, tarewa ta fi ƙarfin iyaye da 'yan kai amarya, domin akwai likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, kuma sai ya sa hannu. Nan ne ake jin maganar nan mai kashe jiki: "An ce ba ta ci gwaji ba." Kafin dangi su fahimci abin da aka gani, tsegumi ya zaga gari, wasu na cewa sammu ne, wasu na raɗa sunan ƙanjamau.

Alhali abin da Ingila ke nema abu ɗaya ne: tarin fuka. Duk ɗan Najeriya da zai zauna can fiye da wata 6 sai ya kawo shaidar cewa ba ya ɗauke da shi a huhu, daga asibitin da Ingila ta amince da shi, irin na hukumar IOM mai kula da ƙaura da ke Abuja da Legas. Takardar wani asibiti, komai girmansa, ba ta shiga. Hawan jini, ciwon suga da sikila ba sa cikin wannan gwaji.

Ana fara da hoton ƙirji. In ya fito tas, a ba da takarda mai aiki na wata 6. In likita ya hango inuwa ko tabo, sai a koma kan kaki. Da sassafe, kafin ta sa komai a baki, mace za ta zo ta yi tari mai zurfi ta tofa a ɗan kwano mai murfi a gaban ma'aikaci, kwana uku a jere. Sannan a ajiye kakin a ɗakin bincike a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, abin da kan kai mako 8. Ga yarinyar da ta baro Runka da guzurin kwana biyu, wannan na nufin neman masauki a Abuja, kuɗin mota sau biyu, da miji a waya kullum yana tambayar ina aka kwana. Mai juna biyu kuwa ana ba ta zaɓi: hoto da kariya a ciki bayan watanni ukun farko, ko gwajin kaki, ko ta jira sai ta sauka.

In an sami cutar, ba a rufe ƙofa ba, jinkiri ne. Maganin tarin fuka wata 6 ne: wata 2 ana shan haɗin magunguna huɗu, wata 4 ana shan biyu, kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wadda ta gama za ta iya komawa a sake duba ta. Abin da ke damuna shi ne yadda rashin tsaro ya sa wannan wata shidan ya zama jan aiki a yankinmu. Wanda 'yan bindigar dajin Rugu suka kora daga ƙauyensa zuwa Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina, da wuya ya tuna da katin shan magani lokacin da yake gudun ceton rai. Magani ya katse, tari ya lafa, a ɗauka an warke. Bayan shekaru tabon ya fito a hoto, babu takardar da za ta nuna an taɓa jinya, ko kuma cutar ta dawo da taurin kai, ba ta jin maganin farko. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, don haka likitan biza ba zai ɗauki maganar baki ba.

Saudiyya ta fi tsanani. Gwajin iƙama, wato izinin zama, ya haɗa da jini, kuma mai ƙanjamau ba ya samun wannan izini; ciwon hanta nau'in B da C ma kan hana masu zuwa aiki. A nan ne aure ya fi shiga haɗari, saboda jahilci. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta na B. Da yawansu tun suna jarirai suka samu, daga uwa wajen haihuwa ko daga askar wanzami da ba a tsabtace ba. Mijin da ya ga wannan sakamako ya fara zargin matarsa ya zalunce ta. Abin da ya kamace shi shi ne ya gwada kansa, in ba shi da shi ya yi allurar rigakafi.

Ba duka ƙasashe ke kallon abin da ido ɗaya ba. Amurka ta cire ƙanjamau daga cututtukan da ke hana shiga tun Janairun 2010. Kanada takan hana mutumin da jinyarsa za ta yi wa asibitocinta nauyi, amma dokarta ta keɓe matar aure da 'ya'yan da ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin ya nema.

Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ta haɗa ƙanjamau, ciwon hanta da sikila. A ganina duk iyalin da 'yarsu za ta tare a ƙasar waje su ƙara da na ƙirji tun ana maganar lefe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ƙarya a takardar biza ta fi cutar kanta jawo haramci mai tsawo. Duk tarin da ya kai mako biyu a kai kaki babban asibiti mafi kusa. Na'urar gwajin kaki ta GeneXpert kan ba da sakamako cikin sa'o'i kaɗan. Wadda ta taɓa shan magani kuma ta koma inda ta karɓa ta nemi takardar kammalawa daga rajistarsu kafin a biya ko sisi na kuɗin biza.