Mahaɗin Tiyon Tarakta: Raina Kama Ka Ga Gayya

Ƙasar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, ƙasar noma ce damina da rani. Gulbin Maraɗi ya ratsa ta, ga tabki, ga kuma fadamar Jiratawa wadda aka gyara a farkon shekarun 1980, ofishin ONAHA da gwamnati ta kafa a 1978 ya na kula da ita. Yawancin manoma da hauya da garmar shanu su ke aiki. Tarakta kaɗan ce, guda ɗaya ta kan yi wa gonaki da yawa huɗa. In ta tsaya lokacin ruwan shuka, asarar ta jama'a ce.

Sau da yawa abin da ke tsai da ita bai wuce cikin tafin hannu ba, wato mahaɗin tiyon mai.

Tarakta da ƙarfin mai ta ke ɗaga kaya. Famfo ya kan tura man cikin tiyo da matsi mai tsanani, har ya kai nauyin kilo 200 a kan wurin da bai fi faɗin farce ba, kamar buhu biyu na hatsi ke nan. Wannan ƙarfi ne ke juye tirela, ya ɗaga manyan garemani. Mahaɗi shi ne ke sada tiyon tarakta da na kayan aiki. Kashi biyu ne, namiji da tamace, kowane da ɗan marfi a ciki. In an tura namiji cikin tamace sai marafan su buɗe, mai ya wuce. In an raba su sai su rufe da kansu. Ba a bukatar sufana, mai kuma ba ya tsiyayewa.

Babban abokin gabansa shi ne rairayi da ƙurar hunturu. Mahaɗin da aka yar a ƙasa ya kan kwashi rairayi, mai ya kai shi cikin famfo, ya ci zoben roba da ƙarfe sannu a hankali. Famfo kuwa daga ƙasashen waje a ke sayo shi da tsada.

Saboda haka ya kamata direba ya goge kashi biyun da tsumma mai tsabta kafin ya haɗa, ya mai da musu murfinsu na roba bayan ya raba. Ya sauke kaya ƙasa, ya kashe inji, ya motsa sandar mai don matsi ya sauka. Tiyon da ya yini a rana ya kan ƙi shiga don mai ya kumbura. A kai shi inuwa, kada a buge shi da guduma. Kada kuma a lalubi yoyo da hannu: man ya kan huda fata, wanda ya same shi sai asibiti nan take.

Wajen saye, a tafi da tsohon a gwada, don ba kowane namiji ke shiga kowace tamace ba.

Shugabannin ƙungiyoyin manoma da malaman gona su ne ya wajaba su duba wannan tun rani, kafin hadari ya taso.