Mai ciwon suga zai iya barin nama?

A Kamarawa da sauran ƙauyukan Isa da Sabon Birni, gidaje da yawa sun rage cin nama saboda satar shanu da tsadar kasuwa. Mai ciwon suga da ya bar nama, da son ransa ko a kan dole, zai iya zama lafiya. Haɗarin yana cikin abin da ya cike gurbin.

Yawanci tuwo ake ƙarawa, ko fura da suga. Nama ba ya ɗaga sugan jini, amma gero da dawa da shinkafa suna ɗagawa, musamman in an niƙe su laushi aka dama kunu ko koko. Wake ya fi dacewa: yana ƙosarwa, sugansa kuma a hankali yake shiga jini. Haka gyaɗa da awara. A rage malmalar tuwo, a yawaita miyar kuɓewa ko kuka da kwaɗon zogale, a sha nono ba suga.

Abin da aka fi mantawa shi ne bitamin B12. Babu shi a hatsi ko ganye, sai a nama, kifi, ƙwai da nono, ga shi maganin suga na metformin yana rage shi in an daɗe ana sha. Ƙarancinsa yana kawo mutuwar ƙafa, wadda ake ɗora wa ciwon suga.

Mai allurar insulin ko mai shan maganin glibenclamide ya ga likita kafin ya rage tuwo, domin suga na iya faɗuwa har ya suma. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi yawan waken da zai ci.