Tara Ta Gwamnati, Asara Ta Manomi

(Kiɗan buɗe shiri)

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman yau zai bi ruwan Jakara daga birnin Kano har madatsar Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir.

Kafin ruwan nan ya iso karkara, rafin Getsi ya riga ya juye masa dagwalon masana'antun Bompai, har da na kamfanonin jimar fata masu aiki da sinadarin kuromiyam. Da wannan ruwa mai duhu da wari 'yan lambu ke ban ruwan latas da alayyafo da kabeji. Manomi yana tsaye a ciki ba takalmi, yana gyara kwami da hannu. A yankin nan kowane taƙi da mai shi, don haka wanda ƙasarsa ta lalace ba shi da wurin komawa.

To me doka ta ce? Dokar da ta kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007 ta tanadi, a wancan lokaci, tarar da ba ta wuce naira miliyan 1 ba ga kamfanin da ya zubar da guba, da ƙarin naira dubu 50 kowace rana in bai daina ba. Ga mai sayar da fata a Turai, wannan bai taka kara ya karya ba. Biyan tara ya fi gina matatar dagwalo araha. Kuɗin kuma asusun gwamnati suke shiga.

Alhali a ƙauye, in shanu suka yi ɓarna, dagaci kan tura dattawa su kimanta asarar, a danƙa diyya a hannun mai gona.

(Kiɗa)

An taɓa yin irin wannan da babban kamfani. A 2015, bayan ƙarar da mutanen Bodo na ƙasar Ogoni suka shigar a Landan, kamfanin Shell ya amince ya biya fam miliyan 55 kan malalar mai, kaso mafi tsoka kai tsaye ga masunta.

Adalci a bakin Jakara shi ne a auna tara da ƙarfin kamfani da girman ɓarnarsa, a tilasta masa tace ruwansa, manomi da masunci kuma su karɓi haƙƙinsu.