Fim ɗin da ya mayar da mutuwar Stalin abin dariya

A farkon watan Maris na 1953, shugaban Tarayyar Sobiyet Joseph Stalin ya yanke jiki ya faɗi a gidansa da ke wajen birnin Mosko, ya kuma shafe sa'o'i da dama a kwance ba wanda ya leƙa shi.

Masu gadinsa dai tsoro ne ya hana su shiga ɗakin ba tare da an kira su ba. Ko da aka tashi neman magani, sai aka tarar da dama daga cikin manyan likitocin birnin suna tsare, bisa zargin ƙulla makircin kashe shugabanni.

A kan wannan lamari ne Armando Iannucci, ɗan yankin Scotland, ya gina fim ɗinsa na barkwanci mai suna The Death of Stalin, wanda ya fito a 2017.

Fim ɗin ya nuna yadda muƙarraban Stalin suka shiga rububin kujerarsa tun kafin rai ya yi halinsa, musamman Nikita Khrushchev da Lavrenti Beria, shugaban 'yan sandan ciki. Kowa yana kuka a gaban gawa, yana kuma satar kallon ɗan'uwansa. A taron kwamiti, ba mai ɗaga hannu sai ya ga inda sauran suka karkata.

Abin da ke ba mai kallo dariya shi ne ganin mutanen da suka sa hannu a kan hukuncin kisan dubban jama'a suna karkarwa saboda kalma ɗaya da ta suɓuce musu. Sai dai dariyar ba ta nisa, domin a bayan fage ana ta harbe fursunoni.

Masana tarihi sun nuna cewa fim ɗin ya taƙaita lokaci: a zahiri an kama Beria ne a watan Yuni, aka kashe shi a watan Disamba na 1953.

Hukumomin Rasha kuwa ba su ga abin dariya ba. A watan Janairun 2018, kwana biyu kafin a fara nuna shi, ma'aikatar al'adu ta janye lasisinsa, bayan wasu jami'ai da masu shirya finafinai sun ce cin mutunci ne ga tarihin ƙasar.

Gidan silima na Pioner a Mosko ya yi kunnen uwar shegu da umarnin, ya nuna fim ɗin, har sai da 'yan sanda suka kai samame wurin.