Auna Taurin Jijiyoyin Jini Ba Tare da Tsaga Jiki Ba

A kowane bugu, zuciya kan tura jini kimanin mililita 70 cikin babbar jijiyar da ke fitowa daga gare ta. Idan jijiyar tana da laushi, sai ta buɗe ta karɓi jinin, sa'an nan ta tsuke a hankali ta tura shi gaba, kamar sabon tiyon roba. Amma tsufa da hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda kan sa bangonta ya yi tauri. Daga nan sai zuciya ta riƙa wahala, ƙarfin bugun kuma ya riƙa dukan ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda. Mai jikin kuwa ba ya jin komai sai ɓarna ta yi nisa.

To, yaya likita zai gane wannan tauri? Bugun da muke ji a wuyan hannu motsi ne da ke bin bangon jijiya, kuma ya fi jinin kansa gudu. A shekarar 1922 wasu masana biyu a Ingila, Bramwell da Hill, suka nuna cewa gwargwadon taurin jijiya, gwargwadon saurin wannan motsi. Lissafin ba shi da wuya. Idan motsin ya ci rabin mita cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, saurinsa mita 5 ke nan a daƙiƙa, wato irin na lafiyayyen matashi. A 2013 ƙungiyoyin likitocin zuciya da hawan jini na Turai suka ɗauki saurin da ya wuce mita 10 tsakanin wuya da matsematsi a matsayin alamar haɗari.

Na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki sun ƙara wa aikin inganci. Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita tana aiki da amon sauti. Idan aka ɗora ta a wuya, takan nuna yadda jijiya ke buɗewa da tsukewa, sai a gwada wannan da awon hawan jini. Na'urar MRI kuwa da maganaɗisu take aiki. Tana ganin babbar jijiya a cikin ƙirji, ta auna tsawonta duk da lanƙwasarta, da lokacin da motsin ya ɗauka. Sai dai tana da tsada.

Amfanin awon shi ne a gano matsala da wuri, tun rage gishiri da motsa jiki da maganin hawan jini za su iya taimakawa.