INA UNGULU TA SHIGA? MA'ANAR KIYAYE NAMUN DAJI A CIKIN BIRNI

Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Zariya shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce ba ya bukatar a kwatanta masa ungulu. Tun da sassafe takan jeru a kan katangar kwata tana jiran mahauta su gama fiɗa, da rana kuwa ga ta a bakin kasuwa da kan juji, har yara sukan kore ta kamar yadda ake korar kaji. Yau mutum yakan yi wata da watanni a cikin waɗannan birane bai ga ko guda ɗaya ba. A shekarar 2015 aka sanya wannan ungulu ta gari a cikin jerin halittun da suke bakin ƙarewa a duniya, bayan masu bincike sun ƙiyasta cewa yawanta a Afirka ya ragu da kashi 83 cikin 100 a cikin kimanin shekaru hamsin.

Labarin ungulu ya isa ya nuna cewa batun kiyaye namun daji bai tsaya ga giwa da zaki na Yankari ba. Ya shigo cikin ganuwa, ya shafi ma'aikacin da ke yanka filaye da malamin tsabta da ɗan makaranta. To, amma wannan fanni yana da kalmominsa, wanda kuwa bai san ma'anarsu ba yakan sa hannu a takarda bai san abin da ya yarda da shi ba.

KIYAYEWA

Mutane da yawa suna zaton kiyayewa ita ce a hana kowa taɓa kome. Abin da masana suke nufi shi ne a yi amfani da albarkatun ƙasa gwargwadon yadda za su iya mayar da kansu, don kada a ci uwa a ci 'ya'ya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Argungu akan hana su a mashigin Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi ya zo, Sarkin Ruwa ne kuma yake lura da wannan doka. Hutun da ake ba ruwan shi ne yake sa a sami manyan kifaye ranar biki. Kazalika a tarihin Musulunci akwai abin da ake kira hima, watau makiyayar da hukuma ta keɓe don amfanin jama'a, kamar wadda aka keɓe a Naƙi'u kusa da Madina tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

IRI DA YAWAN IRE-IRE

Iri shi ne rukunin halittun da suke iya haihuwa a tsakaninsu, 'ya'yansu kuma su haifi wasu. Shirwa iri ce, shaho iri ne dabam, ko da yake duka biyu suna ɗaukar 'yan tsaki. Yawan ire-iren halittu kuwa, wanda saboda shi ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Rio na Brazil a 1992, yana da hawa uku. Na farko shi ne bambancin da ke cikin iri ɗaya, kamar yadda dawa take da kaura da farafara, kowace da irin ƙasar da take so da kwanakin da take nuna. Na biyu shi ne yawan ire-iren da ke zaune a wuri ɗaya. Na uku shi ne bambancin wuraren zaman kansu, watau fadama da tudu da kurmi da dutse.

Amfanin wannan yawa a fili yake ga manomi. Wanda ya shuka iri ɗaya tak, in cuta ta faɗa masa ya tashi a tutar babu. Wanda ya gauraya kuwa ba ya rasa abin kai wa rumbu. Haka al'amarin yake ga itatuwan gari da tsuntsayensa.

MAZAUNI

Mazauni shi ne wurin da halitta take samun abinci da ruwa da mafaka da wurin haihuwa. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya ɓace, halittar za ta tashi ko da ba wanda ya jefe ta. Ungulu tana sheƙa ne a kan dogayen itatuwa irin su rimi da kuka da giginya, ƙwai ɗaya tak kuma take yi a shekara. Saboda haka sare babban itace guda yana iya zama asarar haihuwar shekara ga ungulu biyu. A kan wannan aka ƙara da masu kama ta suna sayar da kanta da sauran sassan jikinta ga masu tsibbu da bokaye, da kuma gubar da ake sa wa mushe.

Sunayen unguwanni shaida ne na irin mazaunin da birane suke da shi a dā. A Kano akwai Kasuwar Rimi da Giginyu da Kurna da Durumin Iya da Tsamiyar Boka, a Kaduna akwai Unguwar Rimi, sunan Kaduna kansa ma an ce daga kada ya samo asali. Ɗan makarantar da ya zaga waɗannan wurare yana neman itacen da aka sa wa unguwa sunansa, zai ga yawancinsu suna kawai ya rage.

Har yanzu birni yana da mazaunai iri-iri ga mai lura. Kududdufi gidan kwaɗi ne da zalɓe da balbela. Maƙabarta, da yake ba a noma ta ba a yawan sare itacenta, takan zama mafakar bushiya da hawainiya da mujiya. Haka tsohuwar ganuwa, da harabar makarantu da barikoki da asibitoci, da lambunan bakin rafi.

CUƊANYA DA SARƘAR ABINCI

Babu halittar da take zaune ita kaɗai. Tsirrai da dabbobi da ƙwari da ƙasa da ruwa na wuri ɗaya, tare da yadda kowanne ya dogara da ɗan'uwansa, su ne masana suke kira tsarin cuɗanya. A cikinsa akwai sarƙar abinci: fara ta ci ganye, ƙadangare ya ci fara, shaho ya ci ƙadangare, in shaho ya mutu ƙwari da ƙwayoyin ƙasa su mai da shi taki. In aka cire ƙarfe ɗaya daga sarƙa, abin da zai biyo baya ba kullum ake iya hango shi ba.

Ƙasar Sin ta ga haka. A 1958 hukuma ta umarci jama'a su kashe wani ɗan tsuntsu mai cin hatsi, aka kashe miliyoyi. Ashe shi ne yake cinye fara da sauran ƙwarin gona. Ƙwari suka yi yawa, suka ƙara tsananta yunwar da ta auka wa ƙasar, har a 1960 aka janye umarnin.

Abin da ya sami Indiya ya fi kusa da batun ungulu. Tun daga wajen 1990 aka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac, wanda yake lalata ƙodar ungulu in ta ci mushen dabbar da aka yi wa. Tsakanin 1992 da 2007 wani iri na ungulun ƙasar ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ruwan sha ya gurɓata. An hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma wani binciken masana tattalin arziki da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin rabin miliyan a cikin shekaru biyar. Irin wannan aikin da halitta take yi wa ɗan Adam ba lada, shi ake kira hidimar muhalli.

Jemage ma yana da tasa hidimar, ko da yake ba a ganinsa da daraja. Furen kuka da na rimi da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemagu masu cin 'ya'yan itace kuwa suna cikin manyan masu kai musu barbara. Watau miyar kuka da daddawa suna da alaƙa da jemage. A tsakiyar birnin Accra na Ghana dubban irin waɗannan jemagu suna kwana a kan itatuwan gefen titi, masu bincike kuma sun gano cewa suna iya kai irin itace nisan kilomita 75.

ƘAREWA DA MATAKANTA

Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, wadda aka kafa a 1948, tana da wani kundi da ake kira Jan Jeri, wanda aka fara a 1964. A ciki ana auna kowane iri a sa shi a matakinsa: wanda ba a damu da shi ba, wanda ya kusa shiga haɗari, mai rauni, wanda ke cikin haɗari, wanda ke bakin ƙarewa, wanda ya ƙare a daji sai a gidajen ajiye dabbobi, da wanda ya ƙare ɗungum.

Karkandan Afirka ta Yamma, wanda ragowarsa suka zauna a arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarsa ɗungum a 2011, ba kuma dabarar da za ta dawo da shi. Mariri kuwa an ce ya ƙare a daji a shekarar 2000, amma da yake akwai shi a hannun masu kiwo, tun daga 2016 aka riƙa sakinsa a Cadi, ya hayayyafa, har a 2023 aka mayar da shi matakin waɗanda ke cikin haɗari. Akwai kuma ƙarewa ta wuri ɗaya. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma babu shi a dazuzzukan Nijeriya, amma yana nan a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, inda ya ragu zuwa 49 a 1996, sa'an nan bayan hukuma da mutanen ƙauyuka sun haɗa kai ya haura 600.

BAƘI DA MASU ƘAURA

Iri na gida shi ne wanda asalinsa na wurin ne, kamar gawo da kanya da tsamiya. Baƙo shi ne wanda mutum ya kawo, kamar dalbejiya da aka kawo daga Indiya a zamanin Turawa. Ta yi amfani wajen inuwa da kare hamada, sai dai garin da ya zama dalbejiya zalla ya rasa 'ya'yan durumi da ceɗiya da baure waɗanda tsuntsaye da yawa suke ci. Mai mamaya kuwa shi ne irin da ya yaɗu har ya danne sauran. A fadamar Haɗeja da Nguru, bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar ambaliya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama makwancin tsuntsu jan baki mai ɓarnar hatsi.

Masu ƙaura su ne waɗanda ba su san iyakar ƙasa ba. Shamuwa takan iso da farkon damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, da rani kuma ta koma kudancin Afirka. Agwagin ruwa da wasu tsuntsaye sukan taso daga Turai su ƙetare Sahara su yi hunturu a Nguru da Dagona. Don irinsu ne aka ƙulla yarjejeniyar fadamu a garin Ramsar na Iran a 1971, aka kuma sa tafkin Nguru a jerinta a shekarar 2000.

GANDU DA HANYAR RATSAWA

Gandun namun daji wuri ne da doka ta keɓe. Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa 'yan kallo a 1962. Wannan shi ne kiyayewa a mazauni. Gidan ajiye dabbobi irin na Audu Baƙo a Kano kuwa kiyayewa ce a wajen mazauni, amfaninsa ilmantarwa da ajiye iri, ba ya kuma maye gurbin daji.

Babbar matsalar birni ita ce daddatsewar mazauni. In aka gina gidaje tsakanin wannan lambu da wancan, kowanne ya zama tsibiri, 'yan halittun da ke ciki ba sa iya haɗuwa da 'yan'uwansu, a hankali su ƙare. Maganinsa shi ne hanyar ratsawa, watau jerin itatuwan gefen titi, ko gaɓar rafin da aka bari ba gini, ko shingen itace mai rai, wanda tsuntsu da ƙudan zuma za su bi.

AIKIN DA YA RAGE

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, da Doka ta 11 ta 1985 mai hana fataucin halittun da ke cikin haɗari, da Doka ta 86 ta 1992 wadda ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 2022 kuma ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka amince a Montreal za su keɓe kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030, su kuma ƙara filayen itatuwa da ruwa a birane. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kafin 2050 kimanin kashi 68 cikin 100 na mutanen duniya a birane za su zauna.

Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamnan Jiha, makomar kududdufi da tsohon rimi tana kan teburin ma'aikatan safiyo da na tsara gari. Ya kamata a ƙirga manyan itatuwa kafin a yanka fili, a bar gaɓar rafi, a gauraya itatuwan gida da dalbejiya wajen dashe, a kuma sa ido a kan kasuwannin da ake sayar da kan ungulu. 'Yan makaranta kuwa littafi da fensir sun ishe su fara aiki: su rubuta kowane tsuntsu da suka gani a harabar makarantarsu da ranar da suka gan shi, su bar wa 'yan ajin da ke biye da su. Da irin wannan lissafi ne za a gane abin da yake raguwa tun ana iya ceto shi.